Ragon da Ya Koyi Gaisuwa a Small Heath

Ranar Lahadi ce, ƙarfe biyu da rabi na rana, a falon ƙanwata Hadiza da ke Longsight, a Manchester. Akwai ni, akwai Hadiza tana shiga tana fita da kwanuka, sai 'ya'yanta biyu, Fa'iza da Khalid, dukansu 'yan uni. Muna cikin cin shinkafa Khalid ya sanar da mu cewa zai ajiye karatu na shekara guda ya haɗa wasan bidiyo na dambe. Na tambaye shi ina zai samo kuɗin. Ya dube ni da tausayi.

"Kawu Iliya, ai yanzu it's easy. Ka yi bidiyon minti biyu, ka ɗora a shafin tara kuɗi, jama'a su biya. Kai ma ba haka ka yi ba?"

Fa'iza ta ce, "Kuma aikin nasa ma zama ne kawai, yana danne-danne."

Na ajiye cokali. Abin da ke biye shi ne amsar da na ba su, haɗe da wasu abubuwan da ban samu faɗa ba saboda Hadiza ta ce abinci na hucewa.

Kafin in zo ƙasar nan labarai nake karantawa a wani gidan rediyo a Kano. Na iso Birmingham da murya mai kyau wadda babu mai bukatarta. Aikina na farko a wannan sana'a shi ne gwajin wasanni a wani ƙaramin kamfani a tsakiyar gari. In kun ji an ce gwajin wasa, kuna tsammanin biyan mutum ake yi ya yi wasa. Ga yadda yake. Ranar farko aka ba ni wani soja a cikin wasa, aka ce in riƙa buga shi da bango. In fara daga hagu, in buga, in matsa taku ɗaya, in sake bugawa, har sai na samu inda zai ɓula ya faɗa inda babu komai. In na samu, in rubuta wane bango ne, a taku na nawa, da wane gudu, kuma sau nawa cikin goma. Wata huɗu na yi ina azabtar da sojan nan. Shugabata ba ta karɓar rahoton da ya ce "abin ya lalace". Wannan bai ba ni wuya ba, domin a rediyo ma in ka rubuta "an yi haɗari a wani wuri", edita zai miƙo maka takardarka ba tare da ya ɗago kai ba. Bayan an tashi daga aiki nake koyon rubuta code, wato umarnin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. Shekara shida na yi a haka.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Aikin gwaji yana gyara ido, yana kuma ɓata shi. Za ka riƙa ganin inda hula ta shige cikin bango, amma ka daina ganin kan da ke ƙarƙashin hular.

Abokiyar aikina Memuna ce, wadda kuke kira Anti Memuna. Iyayenta 'yan zangon Kumasi ne, ita kuma a lokacin tana zana katin biki da allon shaguna a wani shagon buga takardu a Stockport Road, nan Manchester. A wurin wani suna muka fara hira, ana ƙorafin cewa yaran da aka haifa a nan ba su taɓa ganin ragon layya da ransa ba, sai dai a cikin leda daga wurin mahauci. Ta ɗauki biro ta zana rago a bayan katin gayyata, yana dirowa daga motar gona a danjar Small Heath, wata unguwa a Birmingham. Wasanmu ke nan. Kai ne ragon. Mahauci na bin ka da igiya, kana ratsa lunguna da bayan gidaje, kana tsallake kwandunan sharar council, kana shigewa tsakanin bas da bas. Duk wanda ya tare maka hanya, ka tunkuye shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfutata tsohuwa ce, in ta yi awa biyu tana aiki za ka iya ɗora kofin shayi a kanta ya ci gaba da zafi. Memuna na da allon zane na lantarki da alƙalaminsa, wanda ta ɗaure da zare saboda yana yawan faɗawa bayan kujera. Sai makirfo ɗaya. Kukan ragon ni na yi shi, a cikin wadirob, tsakanin riguna, domin tufafi na shanye amsa-kuwwa. Kuka iri ashirin da uku na naɗa: na tsoro, na fushi, na gajiya, na jin daɗin ganin kabeji. A kwana na uku maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya cikin ladabi ko ta kira min GP, wato likitan unguwa.

Da muka kai rabin aiki, sai ya bayyana cewa ba za a gama shi da ragowar lokaci ba. Memuna ta bar aikinta na shago. Muka yanke shawarar neman kuɗi daga jama'a.

Ga yadda shafin yake, tunda Khalid ya ce easy ne. Ka faɗi abin da kake nema. Mu fam dubu ashirin muka ce. A ba ka kwana talatin. Mutane su yi alkawarin bayarwa, amma ba a cire ko kwabo daga hannunsu sai ranar ƙarshe. Kafin wannan rana kowa na iya janye nasa, ba sai ya ba da dalili ba. In ranar ta zo ka cika, ka samu duka. In saura fam ɗaya, ba ka samu komai ba, sai sunanka a shafi da jan layi a ƙarƙashi. Kuma ba a ba ka don Allah. Kowane mataki da tukwicinsa. Mu muka ce fam goma, ka samu wasan. Fam talatin, a haɗa maka da hular sanyi mai ƙaho. A can sama muka ajiye mataki na fam dubu, gurbi bakwai kacal: za mu zana fuskarka mu saka ka cikin wasan. Abin da ke ranmu shi ne samarin Turawa masu albashi mai kauri, irin waɗanda za su biya don rago ya jefa su cikin shara su nuna wa abokai.

Matsala ta farko daga gida ta zo. Mahaifiyata ta bugo daga Kano ta ce ta ji ina nuna wa duniya aikin da ban gama ba, ko na manta da bakin mutane? Kamfen ɗin tara kuɗi kuwa ba komai ba ne illa nuna wa duniya aikin da ba a gama ba, sau uku a rana. Matsala ta biyu, mutanenmu ba shafi suke ba gudummawa ba. Mutum suke ba, a hannu, a naɗe, yana cewa a'a a'a suna tura masa cikin aljihu. Bayan sallar Juma'a na dawo gida da ambulan biyar da kaza ɗaya soyayya. Shafin ba ya ƙirga ambulan, kaza kuwa babu ma inda za a shigar da ita.

Amma a rana ta biyu abin mamaki ya faru. Dokta Bashir, babban likitan nan na Whalley Range a nan Manchester, shugaban ƙungiyar 'yan gari, 'yarsa ta nuna masa shafin a waya. Bai karanta ba. Babban mutum ba ya karanta jerin farashi. Cewa ya yi, "Wanne ne na sama?" Ta nuna masa, ya ce ta danna. Daga nan ya saka hoton rasit a group ɗin ƙungiya, ya rubuta cewa ya ɗan taimaka wa yaron nan Iliya. Kafin la'asar injiniyoyi biyu, akanta biyu da wani Malam Garba mai kantin magani duk sun danna na sama, domin ba wanda zai yarda a ga sunansa a matakin hula alhali na Dokta na can bisa. Gurbi shida suka tafi. Labari ya kai Hajiya Azumi, gwaggon Memuna, mai sayar da waakye, wato shinkafa da waken Ghana, da kuma atamfa a kasuwar Longsight. Ta ce wato 'yan Najeriya za su kwashe duka, Ghana ba ta da kowa? Ta saye na bakwai.

Hotuna suka fara shigowa. Babbar riga, hula mai aiki, carbi, ɗaya ma yana tsaye gaban motarsa. Hajiya Azumi ta aiko da guda huɗu, ta ce a zaɓi wanda ɗaurin kallabin ya fi zama. Duk a tunaninsu wani abu ne irin kalandar ƙungiya da ake ratayewa a falo. Mu kuma muna ta murna, ba mu tsaya mun tambayi kanmu ba. Memuna ta zana su, ta turo min daga Manchester, na saka su a titi.

Tsakiyar kamfen wuri ne da babu wanda zai gaya muku labarinsa. Kwana biyun farko layin kuɗi yana hawa, daga nan sai ya kwanta. Akwai ranar da mutum ɗaya kawai ya bayar, wani ɗan ƙasar Finland, fam goma, ya kuma tambaya ko ragon zai iya sa tabarau. Ana bukatar sabon abin nunawa. Na zaɓi tunkuyi ɗaya na zauna a kansa kwana uku. Rago ya taho a guje, ya ɗaga mutum, mutum ya juya sau ɗaya a sama, ya faɗa cikin kwandon shara da kai, ƙafafu na reto, murfi ya rufe. Abin da ya fi wahalar da ni hula ce. Tana ta shigewa cikin murfin. Na gyara nauyinta, na gyara juyawarta, har ta riƙa tashi sama ta sauka daidai kan ƙahon ragon na dama. Na kalli wannan tunkuyi ya fi sau ɗari huɗu. A rana ta goma sha takwas na ɗora shi, daƙiƙa goma sha biyu. Sai da Memuna ta bugo min sannan na ga fuskar.

"Iliya, Dokta ka jefa a bola."

Na ce, "Amma kin ga hular?"

Ta kashe waya.

Ranar Asabar aka kira mu Whalley Range, ƙarfe huɗu na yamma. Na hau koci, wato bas ɗin doguwar tafiya, daga Birmingham. Duk su bakwai suna falon Dokta a kan kujeru. Ni da Memuna muka zauna a kan kafet. Aka yi gaisuwa ta kusan minti goma, aka kawo lemo, ba wanda ya ambaci rago.

Can Dokta ya ce, "Iliya, na ga aikinka. Hular ta yi kyau ƙwarai."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Wani patient ne ya nuna min, ina cikin duba masa ƙirji. Surukaina na Kano ma sun gani. Jikana kuma yana kunna min shi duk safiya." Ya gyara zaman tabarau. "Ba faɗa zan yi ba. Zan dai ce wa 'yata ta cire kuɗin, kowa ya huta."

Sauran mazan biyar suka gyaɗa kai tare. Fam dubu bakwai ke nan za su fita ta ƙofa ɗaya. In suka fita ba za mu cika ba, in ba mu cika ba sauran ma sun tafi, Memuna kuma an riga an ɗauki wani a gurbinta a shago.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai a gyara. Ragon ba zai taɓa ku ba. Zai kauce ya wuce abinsa."

Hajiya Azumi ta ajiye kofinta. "Ya wuce ni?"

"E, Hajiya, ta gefe."

"Ina tsaye a titi, ya gan ni, ya wuce ko sannu babu? Ragon gidan wa ne wannan? Memuna, ke kika zana shi haka ba tarbiyya?"

"Gwaggo, guduwa yake yi. Za a yanka shi."

"To don za a yanka mutum sai ya daina gaisuwa?"

Malam Garba ya ce gaskiya Hajiya ta yi magana. Na bayyana musu, a tsanake kamar mai karanta rahoton yanayi, cewa in ragon ya tsaya mahauci zai cim masa.

Dokta ya ce, "Sai ya koyi gaisuwa da sauri, kamar kowane yaro mai hankali da ya makara zuwa makaranta. Amma ta cika. Kwana, gajiya, iyali, aiki."

"Da gwiwata," in ji Hajiya. "Wanda bai tambayi gwiwata ba bai gaishe ni ba."

Ɗaya daga cikin injiniyoyin ya tambaya wa za a fara gaisarwa in an haɗu da biyu a lokaci guda. Wannan ya ci mana minti arba'in, har sai da aka fito da shekarun haihuwa. Na rubuta jerin a bayan tikitin koci.

Ana shirin shafa fatiha Memuna ta ɗaga hannu. Ta ce akwai sauran magana. Baƙi da yawa sun saka kuɗi ne saboda an yi musu alkawarin tunkuyi. In aka cire tunkuyi gaba ɗaya su ma za su janye, mu koma inda muke. Dole a bar mutum ko ɗaya da rago zai jefa a shara.

Kowa ya dubi na kusa da shi, daga nan idanu suka fara saukowa kan kafet.

Dokta ya ce, "Iliya, shekarunka nawa yanzu?"

"Arba'in da huɗu, ranka ya daɗe."

"Yaro ne ashe." Ya juya ga sauran. "Ina ga an samu."

Hajiya ta ce a ba ni hula mai kyau dai, tunda na iya hula.

Kwana goma suka rage. A cikinsu na rushe abin da na gina a shekara guda na sake ɗora shi. In rago ya hango babba, dole ya ci birki, ya durƙusa da ƙafafun gaba, mai wasa ya danna gaisuwa ɗaya bayan ɗaya a kan tsari, ga mahauci yana matsowa da igiya a baya. In ka tsallake iyali, sai a sake daga farko. In ka wuce Hajiya Azumi ba ka tambayi gwiwa ba, za ta ciro waya ta bugo wa uwar ragon a gona, gudunka ya ragu da rabi don kunya. Muryoyinsu na gaske muka naɗa. Na ɗauki makirfo gida gida. Dokta ya ƙi shiga wadirob, sai da na nuna masa bambancin sauti, sannan ya shiga da babbar rigarsa ya ce a rufe ƙofa kada jikansa ya gani. Memuna ta zana ni daga wani hoton katin bas. Ta saka ni a kowane lungu, ina fitowa daga shago da leda, ina ɗaure takalmi, ina duba waya.

Sabon bidiyon ya fita saura kwana huɗu. Ban yi tsammanin baƙi za su gane ba. Sai ga saƙonni daga mutanen da ban san yarensu ba, wannan na cewa gwaggonsa ce sak, wancan na cewa kakansa ma sai an tambayi ciwon bayansa. Ɗan Finland ya ƙara fam ashirin, ya daina maganar tabarau. Mun cika a rana ta ƙarshe, ƙarfe uku da kwata na rana, saura awa biyu a rufe.

Kuna tsammanin nan ne ƙarshen wahala. Nan ta fara. Mun yi alkawarin shekara ɗaya, aikin ya ci biyu da rabi, kuma ta biyun ita ce shekarar da ba na so a maimaita. Kuɗin da ya yi kama da dutse a shafi, da shafin ya cire nasa, haraji ya cire nasa, wasu katunan suka ƙi biya, sai ya koma tsakuwa. Hulunan ƙaho sun iso ƙahonnin na kallon ƙasa, aka mayar. Da suka dawo daidai, ni da Memuna muka yi mako biyu muna ɗaure fakiti a falonta, muka gano cewa aika hula ɗaya zuwa wasu ƙasashen ya fi hular tsada. Na koma yin tafinta a asibiti kwana uku a mako. Duk wata kuma sai ka rubuta wa masu gudummawa bayanin inda aka kwana, kana ba da haƙuri da kalmomin da ba ka yi amfani da su a watan jiya ba. Wanda ya ba da fam goma shi ya fi kowa doguwar wasiƙa.

Manyanmu bakwai kuwa ba su zauna yadda aka zana su ba. Akanta ɗaya ya tara gemu, ya ce a ƙara. Injiniya ɗaya ya je Makka, dole aka sake naɗa duk gaisuwarsa da Alhaji a gaba. Hajiya Azumi aka yi mata aikin gwiwa ta warke, muka tambaya ko a cire tambayar, ta ce ɗayar ta fara. Malam Garba ya rasu wata biyar kafin wasan ya fito. Na je ta'aziyya na tambayi iyalinsa ko a cire shi. Babban ɗansa ya ce a bar shi inda yake, a bakin kantin maganinsa. Yana nan, kuma gaisuwarsa ce mafi tsawo a wasan, domin shi har labarin hanya yake tambayar rago.

Wasan ya fito mako guda kafin Babbar Sallah. Bai mai da mu masu kuɗi ba, amma ya biya Memuna albashi, ya kuma isa muka fara na biyu. Har yau ni kaɗai ne mutumin da ragon ke iya tunkuya a duk Small Heath. Yaran masallacinmu in sun gan ni kusa da kwandon shara sai su ja baya su ba ni wuri.

A nan Hadiza ta kwashe kwanuka. Fa'iza ta ce ita dama pharmacy take so. Khalid ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "So basically, Kawu, face tier ɗin ne ya cece ku."

Bayan mako uku ya buɗe kamfen ɗinsa na wasan dambe, da matakin fuska a sama, gurbi goma. Kafin azahar ta ranar farko Dokta Bashir ya saye na ɗaya, ya saka rasit a group.